Yadda ɗanyen mai mai zafi ke cin ƙarfe marar tsatsa daga gefen walda

Ƙarfe marar tsatsa, wanda masu walda da 'yan kasuwa ke kira sitenles, na daga cikin kayan da masana'antar man fetur ta fi dogara da su a wuraren da zafi ya tsananta. Sai dai sunan nasa ya ɗan zarce gaskiyarsa. Idan aka yi masa walda, sannan ɗanyen mai mai nauyi da ya ɗauki zafin ɗaruruwan digiri ya dinga bi ta cikinsa, yakan zaizaye, yakan huje, yakan kuma tsage. Sau da yawa ɓarnar takan faro ne daga wani siririn layi da ke gefen waldar, alhali sauran jikin bututun na nan lafiya lau.

Inda lamarin ya shafi Maje

A Maje, cikin ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, akwai daffon kamfanin mai na ƙasa, NNPC, wanda aka gina domin wadata Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita da fetur da dizal da kananzir. Ba a tace ɗanyen mai a nan. Tataccen mai ne ke shigowa, ana ajiye shi a manyan tankunan baƙin ƙarfe da zafinsu bai wuce na yanayin gari ba.

Amma daffon yana zaune ne a tsakiyar hanyar mai ta ƙasar nan. Bututun ɗanyen mai da ya taso daga Warri zuwa Kaduna, mai tsawon fiye da kilomita 600, ya ratsa wannan yanki, kuma yana da tashoshin tura mai a Abaji da Izom, cikin ƙaramar hukumar Gurara mai maƙwabtaka da Suleja, da kuma Sarkin Pawa. Ƙarshen bututun shi ne matatar Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka buɗe ta a 1980, aka kuma ɗaga ƙarfinta zuwa ganga 110,000 a kowace rana a 1986.

Matatar tana da sassa biyu na farkon tacewa. Ɗaya an tsara shi ne domin sarrafa ɗanyen man gida, a samar da fetur da dizal da kananzir. Ɗayan, mai ɗaukar ganga 50,000 a rana, an tsara shi ne domin ɗanyen mai da ya fi na gida nauyi, wanda a da ake sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, saboda daga shi ake samun man inji da kaki da kwalta. A irin wannan sashe ne ƙarfe da walda da mai mai zafi ke haɗuwa, kuma lafiyar waɗannan haɗe-haɗe na cikin abubuwan da ke tabbatar da ko mai zai isa daffo irin na Maje ta bututu, ko kuwa sai an ɗauko shi a tanka daga Kudu.

Abin da ke hana shi tsatsa

Ƙarfe marar tsatsa baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Wani masanin ƙarafa mai suna Harry Brearley na cikin waɗanda suka fara samar da shi, a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Kuromiyam ɗin yakan haɗu da iskar oksijin ya samar da wata fata a bayan ƙarfen, mai sirantar da ido ba ya iya gani. Fatar ita ce garkuwar ƙarfen gaba ɗaya. Idan aka karce ta, takan sake fitowa da kanta, muddin akwai isasshen kuromiyam a wurin da kuma iskar da zai haɗu da ita.

Nau'o'in ƙarfen suna da lambobi. Nau'in 304, wanda aka fi sani a tukwane da tankunan ruwa da makaran bene, yana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kashi 8. Nau'in 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, na 317 kuma kashi 3 zuwa 4. Akwai 321 da aka sa wa taitaniyam, da 347 da aka sa wa nayobiyam. Idan aka ga harafin L a ƙarshen lamba, kamar 304L ko 316L, ma'anarsa an rage kabon ɗin da ke cikin ƙarfen zuwa kashi 0.03 ko ƙasa da haka, maimakon kashi 0.08 da aka amince da shi a nau'in gama-gari. A ido duk kamarsu ɗaya, amma a cikin matata bambancinsu shi ne bambancin bututun da zai yi shekaru da wanda zai huje cikin ɗan lokaci.

Abin da wutar walda ke yi wa ƙarfen

Wurin da ake walda yakan narke, wato zafinsa ya haura digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyos. Nesa da wurin ƙarfen yana nan da sanyinsa. Tsakanin biyun akwai wani yanki da bai narke ba, amma ya ɗauki zafi sosai. A cikin wannan yanki akwai layin da yakan ɗan jima a tsakanin digiri 425 da 850, kuma a nan matsalar take.

Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kamar tubalan gini. A wannan matakin zafi, kabon ɗin da ke cikin ƙarfen yakan gudu zuwa iyakokin ƙwayoyin, ya kama kuromiyam ya riƙe. Sakamakon haka, gefen kowace ƙwaya sai ya rasa kuromiyam ɗin da zai iya samar da garkuwa. Tubalan suna nan da ƙarfinsu, amma abin da ya haɗa su ya yi rauni. Da zarar wani abu mai cin ƙarfe ya iso, sai ya bi ta waɗannan iyakoki ya kutsa ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ne ya sa ake ganin zaizayar ta ja layi biyu, dama da hagu, 'yan milimita kaɗan daga waldar, ita kuwa waldar ba ta nuna komai ba.

Walda tana barin wasu raunuka uku bayan wannan. Na farko shi ne ɗaurewar ƙarfe. Ƙarfe marar tsatsa irin su 304 da 316 ba ya saurin watsa zafi, domin abin da yake iya watsawa bai wuce kashi ɗaya bisa uku na baƙin ƙarfe ba, kuma ya fi shi buɗewa idan ya ji wuta. Saboda haka idan walda ta huce, takan bar ƙarfen a ɗaure, yana jan kansa, ko da ba a ɗora masa wani nauyi ba. Na biyu shi ne launin ruwan ƙasa da shuɗi da ke fitowa a gefen walda. Wannan launi ƙuna ce, kuma a ƙarƙashinta kuromiyam ya ragu. Na uku yana cikin waldar kanta: yayin da narkakken ƙarfe ke daskarewa, molibdinam ba ya rarrabuwa daidai, sai wasu wurare su samu da yawa, wasu su samu kaɗan.

Abubuwa uku da ke cikin man

Ana auna nauyin ɗanyen mai da ma'aunin API. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon nauyin man, kuma wanda bai kai 22.3 ba shi ake kira mai nauyi. Bonny Light na Nijeriya ya haura 30, farar wutar da ke cikinsa kuma ba ta kai kashi 0.2 cikin 100 ba. Ta ɗanyen man Kuwait ta haura kashi 2. Ɗanyen mai mai nauyi ya fi araha a kasuwar duniya, dalili kuwa shi ne ya fi wahalar tacewa kuma ya fi cin kayan aiki.

A cikin bututun da ke binne a ƙasa, kamar wanda ya bi ta Izom, man ba shi da zafin da zai ta da waɗannan sinadarai, kuma bututun na baƙin ƙarfe ne. Abin da ke cinsa a can shi ne ruwan da ke kwanciya a ƙasansa da danshin ƙasar da ta rufe shi. Labari yakan sauya ne bayan man ya shiga tanderun matata, inda ake dafa shi har digiri 350 ko fiye, sannan a sake dafa ragowarsa mai kauri har kusan digiri 400 kafin a shigar da ita hasumiyar da aka zuƙe wa iska.

Abu na farko shi ne farar wuta, wato salfa. Daga kimanin digiri 260 zuwa sama takan fara cin baƙin ƙarfe, ta mayar da bayansa baƙin ɓawo, bututun yana sirancewa a hankali. Kuromiyam yana rage wannan ci matuƙa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ake sa ƙarfe marar tsatsa a wuraren da suka fi zafi. Amma ko a jikinsa ɓawon yakan taru, kuma yana da nasa sharrin da za a zo gare shi.

Na biyu shi ne asid ɗin naftinik, wanda ke cikin wasu nau'o'in ɗanyen mai tun daga rijiya. Ana auna shi da wata lamba da ake kira TAN, kuma idan ta haura 0.5 injiniyoyi sukan fara taka-tsantsan. Yakan yi ɓarna ne tsakanin kimanin digiri 220 da 400. Abin da ya sa ya fi farar wuta wuyar ganewa shi ne, ƙarfen da ya ci yakan narke a cikin man ya wuce, ba ya barin tsatsa ko ɓawo. Wurin sai ya fito fes, da ramuka masu kaifin baki da kwarmi irin na zaizayar ruwa. Ya fi tsanani inda man ke gudu da ƙarfi ko yake juyawa, wato a gwiwar bututu da bakin famfo da bawul, da duk inda walda ta yi tudu a cikin bututu ta hana man wucewa sumul. Nau'in 304 ba ya jure masa sosai. Molibdinam ne maganinsa, shi ya sa ake zaɓar 317L, ko 316L da molibdinam ɗinsa bai gaza kashi 2.5 ba.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wata alaƙa mai ban mamaki: ɓawon da farar wuta ke bari yakan ɗan kare ƙarfe daga asid ɗin. Saboda haka man da ke da asid da yawa amma farar wuta kaɗan yakan fi yin ɓarna a wasu lokuta. Akwai irinsa a maƙwabta. Ɗanyen man Doba na kudancin Chadi, wanda aka fara fitarwa a 2003 ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a Kamaru, ya yi suna a lokacin da nauyi da yawan asid, duk da ƙarancin farar wutarsa.

Na uku shi ne gishiri. Ɗanyen mai yakan zo da ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa, wanda aka yi jigilarsa a jirgin ruwa kuma yakan iya ƙaro na teku. Wasu daga cikin gishirin sukan wargaje idan sun ji zafi, su saki asid mai ƙarfi da ke taruwa a saman hasumiya inda tururi ke komawa ruwa. Sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri babban abokin gaba ne ga 304 da 316. Yakan huda garkuwarsu ya yi ƙananan ramuka masu zurfi, kuma idan akwai danshi, zafi ya haura kimanin digiri 60, ƙarfen kuma yana ɗaure, sai ya haifar da tsaga mai rassa kamar saiwar bishiya. Gefen walda kuwa a ɗaure yake tun ranar da aka yi ta.

Haɗarin da ke cikin tsayawa

Mutum zai zaci idan an kashe matata ƙarfenta ya huta. Ga ƙarfe marar tsatsa da aka yi wa walda, lokacin tsayawa na daga cikin lokuta mafi haɗari. Idan aka buɗe bututu ko hasumiya, iska da danshi sukan shiga su tarar da ɓawon farar wutar da ya taru lokacin aiki. Haɗuwar ukun takan samar da wani asid da ake kira folitayonik. Shi kuwa kai tsaye yake bin iyakokin ƙwayoyin da suka rasa kuromiyam, yana iya ratsa kaurin bututu cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, ba tare da wani zafi ba. Tsagar siririya ce, sau da yawa ba a ganinta sai an sake tayar da matatar, mai mai zafi ya fara tsiyaya.

Rigakafinsa sananne ne a masana'antar. Ko dai a cika kayan da busasshiyar iskar naitirojin domin hana oksijin shiga, ko a wanke cikinsu da ruwan tokar soda kafin a buɗe. Tokar sodar dangin kanwa ce, aikinta kashe kaifin asid ɗin tun kafin ya fara.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye. Matatar Kaduna ta shafe shekaru ba ta tace mai, a yankin da damina ke kawo danshi na tsawon watanni kowace shekara. A watan Fabrairun 2023 NNPC ya rattaba hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kan kwangilar gyaranta a kan kimanin dala miliyan 741. A duk matatar da ta daɗe a tsaye, ko'ina take a duniya, binciken walda ɗaya bayan ɗaya yana cikin ayyukan da ba a tsallakewa kafin a sake kunna tanderu.

Abin da ya faru a wasu wurare

Ranar 6 ga Agustan 2012 wani bututu ya fashe a sashen tace ɗanyen mai na matatar Chevron da ke Richmond a jihar Kalifoniya ta Amurka. Tururin mai ya lulluɓe ma'aikata 19 kafin ya kama da wuta, kuma kimanin mutum 15,000 daga unguwannin da ke kusa sun nemi kulawar likita. Hukumar binciken haɗuran sinadarai ta Amurka ta gano cewa farar wuta ta cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kaurin wani guntun bututu da aka sa tun 1976. Bututun na baƙin ƙarfe ne, kuma guntun da ya fashe ya fi maƙwabtansa saurin zaizaya saboda ƙarancin sinadarin silikon a cikinsa.

Kafin nan, a watan Yulin 2005, gobara ta tashi a matatar BP da ke Texas City, bayan an musanya gurbin wata gwiwar bututu ta baƙin ƙarfe da ta ƙarfe mai gauraye yayin gyara, a layin da ke ɗauke da iskar haidurojin mai zafi. Girmansu ɗaya ne, kamarsu ɗaya. Ko da yake ba ƙarfe marar tsatsa ne ya gaza a waɗannan wurare biyu ba, sun nuna cewa guntu ɗaya da ya bambanta da sauran ya isa ya tsayar da matata. Gefen walda irin wannan guntu ne, kuma kowace matata tana da dubbansa.

Yadda ake kare waldar

Kariya tana farawa ne daga zaɓen ƙarfe. Nau'in da ke da harafin L ba shi da kabon mai yawa da zai kama kuromiyam a ɗan lokacin da walda ke ɗauka. Idan kuwa kayan za su yi shekaru a zafin da ya haura digiri 400, akan koma ga 321 ko 347, domin taitaniyam da nayobiyam sukan riga kuromiyam kama kabon ɗin. Sandar walda ma dole ta dace da ƙarfen, kuma inda asid ya yi yawa akan zaɓi wadda ta fi shi molibdinam. Manyan hasumiyoyi galibi na baƙin ƙarfe ne da aka yi wa shafe da siririn ƙarfe marar tsatsa daga ciki, don haka mai walda yana kiyaye kada baƙin ƙarfen ya narke ya surka shafen.

Sai hannun mai aikin. Ana rage wuta gwargwadon buƙata, ba a daɗewa a wuri ɗaya, kuma ana barin ƙarfen ya huce tsakanin zubi da zubi. Ana cika cikin bututun da iskar argon domin kada bayan waldar ya ƙone. Buroshi da dutsen gurza da suka taɓa baƙin ƙarfe ba a kusantar da su, saboda ɓurɓushin da suke bari shi ke fara tsatsa. Bayan an gama, ana cire launin ƙunar da sinadarin wanki na musamman, domin garkuwar ta sake fitowa. Inda hali ya yi, akan mayar da kayan tanderu har sama da digiri 1,000 sannan a sanyaya su da sauri, abin da ke sakin kuromiyam ɗin da kabon ya riƙe. Masu waldar ƙofofi da makaran bene a Suleja sun san ƙaramin misalin wannan: jan layin da ke fitowa a gefen walda bayan damina ɗaya, a jikin ƙarfen da aka sayar da sunan ba ya tsatsa.

Daga ɓangaren man kuwa, ana wanke gishirinsa da ruwa a wata na'ura kafin ya shiga tanderu, ana gauraya mai asid da marar asid domin rage kaifinsa, ana kuma zuba sinadaran da ke rage cin ƙarfe. Binciken kayan yana tafiya ne da na'urar sauti mai auna kaurin bututu, da hoton da ke ratsa ƙarfe, da jan ruwa mai shiga tsaga ya bayyana ta, da kuma wata na'urar hannu da ke faɗin sinadaran da ke cikin ƙarfe nan take, domin tabbatar da cewa abin da aka rubuta a takarda shi ne aka ɗaura.

Abin da ke gaba

Buƙatar wannan ilimi na ƙaruwa a yankin. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, tana sarrafa ɗanyen mai iri daban-daban na gida da na waje. A Jamhuriyar Nijar matatar Soraz da ke kusa da Damagaram tana tace ganga 20,000 a rana tun 2011. Nijeriya kuma tana da ɗimbin kwalta a ƙarƙashin ƙasa a jihohin Ondo da Ogun da Edo, wadda ta fi kowane ɗanyen mai kauri. Cibiyoyi irin su Kwalejin Horar da Ma'aikatan Man Fetur da ke Effurun, da sassan nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, su ne ke yaye waɗanda za su yi waldar da waɗanda za su duba ta.

Ga mazauna Maje da kewaye, tasirin lamarin a kan titi yake bayyana. Duk lokacin da matata da bututu suka tsaya, man da Abuja da jihohin Arewa ke sha sai ya biyo hanya a cikin tankoki. Ranar 18 ga Janairun 2025 wata tankar fetur ta kife a mahaɗar Dikko, kan hanyar Maje, ta kama da wuta, fiye da mutum 80 suka rasu. Zaizayar ƙarfe ba ita ce sanadin wannan haɗari ba, amma ya nuna tsadar jigilar mai ta titi, wadda ba za ta ragu ba sai matatu da bututai sun koma aiki kuma sun ɗore a kai.